Ku Tambaya Mu Amsa: Rigimar bindiga a Amurka da ƙaryar da ke yawo a wayoyinmu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni sun taru a kan magana guda, wato rigimar bindiga da Amurkawa ke yi a tsakaninsu da abubuwan da ake ta turo mana a waya game da ita, sai na ga gara in ɗauki huɗu in amsa su wuri ɗaya. Masu tambayar aure da na neman makaranta ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in sha Allahu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. An turo mana wani bidiyo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wani Bature yana ta ihu wai harin da aka ce an kai wata firamare a Amurka aka kashe yara ƙarya ne, wai gwamnati ce ta shirya da 'yan wasan kwaikwayo dan ta samu hujjar ƙwace bindigogin mutane, har aka nuno baban wata yarinya yana dariya kafin ya fara magana da 'yan jarida, yana ganin kyamara sai ya canza fuska. Ni dai gaskiya abin ya shige ni dan wanda aka kashe wa 'ya ai ba zai yi dariya ba. Gaskiya ne ko ƙarya?
Wani ɗalibi daga Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tura gaba. Sunan makarantar Sandy Hook, tana garin Newtown a jihar Connecticut. Ranar Juma'a 14 ga Disamba 2012 wani saurayi ɗan shekara 20 ya fara harbe mahaifiyarsa a gida, ya kwashi bindigoginta ya shiga makarantar ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, 'yan aji ɗaya kenan fa, da manya shida har da shugabar makarantar, sannan ya kashe kansa. An yi jana'izar yaran nan ɗaya bayan ɗaya a gaban duniya.

Baturen nan mai ihu da wuya in ba Alex Jones ba ne, wanda ya kafa shirin Infowars a Texas, shi ya fi kowa yaɗa wannan magana kuma ya yi shekaru yana maimaita ta ga miliyoyin masu sauraronsa.

To mu zo kan dariyar tunda ita ce ta kama ka. Ƙanena ka taɓa zaman makoki sosai, ba wai ka leƙa ka yi addu'a ka wuce ba? Ni na zauna kusa da wani uba da ya rasa ɗansa, rana ta biyu, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, idonsa ya yi jawur bai ci komai ba tun jiya, sai ga abokinsa na ƙuruciya ya iso daga tafiya da ƙura a ƙafa, ya durƙusa ya kira shi da wani sunan tsokana da suke kiran juna tun suna makarantar allo, wallahi sai murmushi ya suɓuce masa har haƙoransa suka fito, kafin ka ƙifta ido kuma ya kifa kai a kafaɗar abokin yana kuka kamar yaro. Da a ce wani ya ɗauki daƙiƙa ukun nan na murmushi kawai ya yanke sauran ya sa a intanet, me za a ce da shi? Abin da aka yi wa mutumin da ka gani kenan. Kwana ɗaya da kashe 'yarsa mai shekara shida ya fito zai yi magana a kanta, mutum ne da bai saba tsayawa gaban kyamara ba, ya yi ɗan murmushin ruɗewa yana tahowa, shikenan aka yanko wurin aka yi ta juya shi shekara da shekaru.

Kuma abin bai tsaya a waya ba. Mutumin nan sai da ya kwashi iyalinsa ya koma can wani ƙarshen ƙasar, a can ma wani ya tare shi a titi yana zaginsa yana ce masa maƙaryaci. Wani uban ya yi ta sauya gida saboda ana wallafa adireshinsa, har aka ɗaure wata mata a Florida wata biyar a 2017 saboda barazanar kisa da take aika masa. Wani kuma ya faɗa wa kotu cewa an aiko masa da saƙo za a tone kabarin ɗansa a gani ko da gawa a ciki. Ka rasa ɗa, sannan a hana ka ko kukansa cikin kwanciyar hankali.

Iyayen sun kai ƙara. A 2022 a kotun Texas Alex Jones da bakinsa ya amsa cewa harin ya faru ɗari bisa ɗari, aka yanke masa diyyar kusan dala miliyan 49, a watan Oktoba kuma kotun Connecticut ta yanke dala miliyan 965, daga baya alƙaliya ta ƙara har jimillar ta haura dala biliyan 1.4. A wajen shari'ar ne aka ga inda gizo ke saƙar, mutumin yana sayar da magungunan ƙarin kuzari da kayan tanadin ko-ta-kwana ga masu sauraronsa, in ya tsorata su sai ya tallata musu haja, har akwai ranar da cinikin ya kai dala 800,000. Wanda ya turo muku bidiyon ya turo da wannan ɓangaren? Ka koma guruf ɗin ka faɗa musu, cikin ladabi, ba sai ka kunyata kowa ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce, 'ya'yana maza biyu suna Amurka, babban yana Houston yana tuƙin babbar mota ƙaramin yana Bronx yana aikin asibiti. Babban ya sayi bindiga wai dan tsaron gida, tun daga nan ba su da zance a guruf ɗin gida sai wannan, ƙaramin ya turo cewa an yi harbin kan mai uwa da wabi sama da 600 a shekara ɗaya, babban ya turo nasa cewa ko 50 ba su kai ba ƙaryar 'yan jarida ce, da azumi har ƙaramin ya fita daga guruf ɗin, yanzu wata biyu kenan ba sa gaisawa. Ni ban san komai a kan bindiga ba Malam, wa ke da gaskiya a cikinsu?
Wata uwa daga Maraɗi

AMSA: Hajiya Allah Ya haɗa miki kansu. Abin da zai ba ki mamaki shi ne a cikinsu ba wanda ya ƙirƙiri lambarsa. Akwai wata ƙungiya Gun Violence Archive, ita duk harbin da ya samu mutum huɗu ko fiye, sun mutu ko rauni suka ji, tana sa shi a lissafi, har da faɗan 'yan daba da rigimar gidan biki, da wannan awon ne aka samu sama da 600 a 2023. Ita kuwa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wanda take ƙirgawa shi ne mutumin da ya shiga cikin taro yana harbi da nufin kashe duk wanda ya samu, ta samu 48 a shekarar, 61 a 2021. Ɗaya da tiya yake awo ɗaya da buhu, kuma wanda ya haɗa musu hoton da suke turowa bai rubuta da me ya auna ba, da gangan, dan ya san in ya rubuta faɗan ya mutu.

Akwai kuma lambar da na tabbata ba wanda ya turo miki a cikinsu. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, 26,328 daga ciki su suka kashe kansu, fiye da rabi kenan. Waɗanda wasu suka kashe kuwa 20,958, kuma mafi yawansa da ƙaramar bindigar hannu ake yi, ba doguwar nan AR-15 da ake ta nunawa a talabijin ba, a lissafin FBI na 2020 dogayen bindigogi kashi 3 ne kawai cikin ɗari duk da dai akwai da yawa da ba a rubuta irin bindigar ba. Wannan lissafin bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba shi ya sa ba ya tashe. Masu son a taƙaita bindiga sun fi son hoton doguwar, masu son bindiga kuma ba sa son a tuna musu cewa sau da yawa wadda aka saya dan ɓarawo a kan ɗan gida take ƙarewa.

Kowane ɓangare yana da ƙaryarsa Hajiya, ni na bi su na gani. Bayan harin makarantar Parkland a Florida ranar 14 ga Fabrairu 2018 inda aka kashe mutum 17, ɗaliban da suka tsira suka fito suna neman a gyara doka, nan take aka ce su ma 'yan wasan kwaikwayo ne, bidiyon da ke faɗin haka har sai da ya hau na ɗaya a masu tashe na YouTube kafin a cire shi. Wata ɗaliba an ɗauke ta hoto tana yaga takardar da ake auna saiti a wajen koyon harbi, aka gyara hoton ya koma kamar tsarin mulkin Amurka take yagawa. Wannan na masu son bindiga kenan. A ranakun nan dai ɗaya ɓangaren ya cika intanet da cewa wannan ne hari na 18 a makarantu tun shigowar shekarar, manyan 'yan siyasa suka yi ta turawa, da jaridar Washington Post ta bi diddigi sai ga shi a cikin 18 ɗin har da wani mutum da ya kashe kansa a cikin mota a harabar wata makaranta a Michigan da ta yi wata bakwai a rufe. A shekarar dai ma'aikatar ilimi ta fitar da cewa makarantu kusan 240 aka yi harbi a zangon 2015 zuwa 2016, gidan rediyon NPR ya bi su yana tambaya, 11 kawai ya iya tabbatarwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne gaskiyar kanta ta isa ta sa mutum kuka, me ya kai ka ƙara mata gishiri har abokin hamayyarka ya samu abin da zai riƙe ya ce duka ƙarya ne?

Ko labarin da yake gaskiya ma zaɓa ake yi. Ki tambayi ƙaramin zai ba ki labarin Uvalde a Texas, Mayu 2022, yara 19 da malamai biyu, jami'an tsaro 376 suka taru da bindigogi amma aka haura awa guda kafin a shiga ajin. Ki tambayi babban zai ba ki na wani kantin zamani a Greenwood ta jihar Indiana bayan wata biyu, inda wani saurayi ɗan shekara 22 da ya zo sayayya ya harbe maharin cikin daƙiƙa 15. Duka biyun sun faru. Amma wayar kowannensu ɗaya kawai take nuna masa, dan Facebook da TikTok da YouTube suna lura da abin da ka tsaya ka kalla, abin da ya ɓata maka rai ka yi kwament, sai su ƙaro maka irinsa dan ka daɗe a ciki su sayar da talla. 'Ya'yanki ƙasa ɗaya suke zaune amma kowa da Amurkar da ake haska masa da daddare in ya dawo aiki a gajiye. Masu bincike a jami'ar MIT sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter suka wallafa a 2018, suka ga an fi tura labarin ƙarya da kashi 70 cikin ɗari, kuma gaskiya tana ɗaukar ninki shida na lokaci kafin ta kai ga mutum 1,500, sannan ba na'ura ce ta fi yaɗawa ba, mutane ne irina irinki.

Alhali in aka ajiye waya aka tambayi Amurkawa ɗaya-ɗaya, sama da kashi 80 cikin ɗari sun yarda a binciki tarihin mutum kafin a sayar masa da bindiga, har da masu bindigar. Bayan Uvalde ma 'yan jam'iyyun biyu sun haɗu sun yi doka a Yuni 2022 da ta tsaurara bincike a kan masu saye 'yan ƙasa da shekara 21. Ina kyautata zaton 'ya'yanki ma in kika zaunar da su za ki tarar abin da suka yarda da shi tare ya fi wanda suka saɓa.

Shawarata ki kira su a waya, kira na murya ba rubutu ba, kowa shi kaɗai tukuna. Ƙaramin aikin asibiti yake, wataƙila ya ga abin da harsashi ke yi wa jikin mutum da idonsa, tsoro yake ji wa yayansa bai iya faɗa ba sai ya koma turo lambobi. Babban kuma kwana yake a hanya ya bar mata da yara a gida. Ki ce wa babban, a matsayinki na uwa, in har sai ya ajiye ta to ya kulle ta a akwatin ƙarfe harsashi kuma a wani wuri daban, dan tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar, ta wuce haɗarin mota. Jikokinki ne a gidan.

TAMBAYA: Malam gaskiya ne Hitler sai da ya ƙwace bindigogin Jamusawa kafin ya yi abin da ya yi? Na ga hotonsa da maganar a rubuce a ƙasa. Kuma wai Ostireliya da suka karɓe bindigogi fashi ya ninka?
Wani malamin sakandare daga Bauci

AMSA: Malam wannan maganar da ake liƙa wa hotonsa, wai a 1935 ya yi alfahari da rajistar bindigogi, an bincika jawabansa ba a same ta ba. Dokoki masu tsauri tun kafin ya hau mulki suke, bayan yaƙin duniya na ɗaya aka yi su. Dokarsa ta 1938 sassautawa ma ta yi wa yawancin Jamusawa, har ta rage shekarun mallaka daga 20 zuwa 18, Yahudawa ne aka haramta wa riƙe makami a ƙarshen shekarar. Ka ga akwai ƙwayar gaskiya a ciki, an kwance wa waɗanda ake shirin zalunta makami, amma ba yadda hoton ya faɗa ba.

Ostireliya kuwa bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996 gwamnatin John Howard ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Mutuwa ta hanyar bindiga ta ragu sosai bayan nan, sai dai dama ta fara raguwa tun kafin dokar shi ya sa masana ke jayayya a kan nawa ne rabon dokar a ciki. Kuma har gobe manoma da mafarauta suna da bindiga a can da lasisi. Ka koya wa ɗalibanka su riƙa tambayar a ina ya faɗa, a wace rana, duk lokacin da suka ga hoton wani babba da rubutu a ƙasansa.

TAMBAYA: Malam kuna ta maganar Amurka mu nan ana kashe mu. Bara 'yan bindiga suka kashe ƙanena a gona. A Amurka kowa da bindigarsa shi ya sa ba wanda ya isa ya shiga ƙauyensu ya kwashi mutane, me zai hana a bar mu mu ma? Jiya ma an turo min hoton gawarwaki an ce wani ƙauye ne kusa da mu, jinina har tafasa yake.
Wani manomi daga yankin Tsafe, Zamfara

AMSA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwa ba ni da bakin da zan ce maka ka naɗe hannu, ni da nake kwana a cikin gari. Kuma ba kai kaɗai ka faɗi haka ba, Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018, Masari ya faɗa a Katsina a 2021, Matawalle a Yuni 2022 har cewa ya yi a raba fom ɗin neman lasisi a masarautu, babban hafsan tsaro na lokacin Janar Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A dokarmu haka ne, maganar makamai ta gwamnatin tarayya ce, ba mu da irin gyaran da Amurkawa suka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 wanda ya ba su haƙƙin riƙe makami. Magana ce babba da ya kamata a yi ta a fili, wa zai riƙe, wa zai horar da shi, wa zai tuhume shi in ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba, kai ka fi ni sanin abin da ya biyo baya a wuraren da aikin sa-kai ya koma ramuwar gayya a kasuwanni.

Amma dan Allah kar ka gina hujjarka a kan Amurkar cikin waya. Ƙasa ce mai bindiga kusan miliyan 393 a hannun farar hula a ƙiyasin 2017, sun fi mutanenta yawa, kuma ka ga adadin gawarwakin da na lissafa wa Hajiya a sama. Abin da ya hana a kwashi ƙauye guda a can shi ne in ka kira 'yan sanda za su zo, kotu kuma za ta ɗaure mai laifi, abin da kuke roƙo kenan shekara da shekaru ba ku samu ba.

Hoton jiya kuma shi ya fi tsaya min a rai. A Amurka ƙaryar bindiga kan ƙare a kotu, a wajenmu sau da yawa a maƙabarta take ƙarewa, dan tana zuwa da sunan ƙabila a manne. A Yunin 2018 lokacin rikicin Filato an yaɗa hotuna da bidiyo a Facebook aka ce kisan da ake yi ne a lokacin, BBC ta bincika daga baya ta gano ɗaya daga cikin bidiyon a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012, amma kafin nan matasa sun tare hanya sun fito da matafiya daga mota sun kashe su, mutanen da ke kan hanyarsu ta komawa gida. Ba na ce hotonka ƙarya ba ne, kashe-kashen yankinku gaskiya ne kowa ya sani. Amma ƙauyen kusa da ku ne ka ce, to kana da lambar wani a can, ko ɗan acaɓa mai zuwa, ko wanda kuke haɗuwa ranar kasuwa, kira shi ka ji daga bakinsa kafin ka tura wa kowa. In akwai yaro mai babbar waya a gidan ya sa hoton a Google Lens, zai nuna masa ko ya taɓa fitowa a wani wuri a shekarun baya.

Ka sake rubuto min ka faɗa min abin da mutanen ƙauyen suka ce maka, da kuma halin da iyalin marigayin suke ciki, ko ya bar yara. Allah Ya jiƙan ƙaninka Ya karɓi shahadarsa, Ya ba ku haƙurin rashinsa.